Shanun Kakana a Cikin Ordinatar

Kakana, mahaifin Baba, ya iso Yamai a bayan kamyon albasa, irin babbar motar kayan nan, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, bayan damina ta yi gardama. Da sandarsa ya zo, da buta, da igiyar ɗaure maruƙa. Maruƙan dai babu. Ni na fara ganinsa a ƙofar gidanmu na unguwar Lazare, na ruga ciki ina cewa ga wata sanda ta zo riƙe da wata sanda. Inna ta kai mini duka da ludayi. Da ta leƙa ta gan shi kuwa, sai ta ajiye ludayin ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Shanunsa sun ƙare kaf. Mutumin da ya rako shi daga ƙauyenmu na arewa da Tawa shi ya ba Baba labari. Sai da tsohon ya yaye ciyawar rufin ɗakinsa ya ba su. Kowace safiya shi da maƙwabta sukan zura itace ƙarƙashin cikin saniya su ɗaga ta tsaye, ta yini ƙafafu na rawa, da yamma ta sake zubewa. Ta ƙarshen, ungulaye ba su ma jira ta gama ba.

Kaka kuwa ya zauna a gidanmu. Abinci kawai ya daina ci. A kai masa tuwo, ya gutsuri abin da ko ƙadangare zai raina, ya ture kwanon. Da can ni da shi wasan jika da kaka muke yi har gida ya gaji da mu, yana ce mini uwargida, ina ce masa maigida, ina barazanar sai ya sake ni don ba shi da haƙora. Yanzu in na tsokane shi sai ya dube ni kamar daga wani gari nake magana.

Can na tuna da hotuna. Yayana, kafin a tura shi koyarwa Damagaram, ya taɓa zuwa ƙauye da abin ɗaukar hoto na aro, a wata shekara mai albarka, ya ɗauki garken duka ya zuba a ordinatar ɗin Baba, wato kwamfuta. Wannan ordinatar, buron da su Baba ke aiki ne ya gaji da shi ya yar, Baba ya tsinto. In ka kunna shi kana iya dafa wake, ka ci, ka wanke tukunya kafin ya farka. Ekaran ɗinsa kuwa, allon da ake kallo, ƙaramin rumbu ne.

Na ce, "Maigida, ka san shanunka suna cikin gidan nan?"

Ya ɗaga kai. "Kada ki yi mini wasa da wannan."

"Ba wasa ba ne. Suna cikin akwatin can na falo, duk da ƙibarsu. Ci tuwo in nuna maka."

"Nuna mini in ci."

Ranar kuma kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Ba ɗaukewar da muka saba ba, ta rana ya tafi dare ya dawo. Wani abu ne ya ƙone a kan falwayar unguwa, aka ce sai an kawo sabo. Muka yi kwana da kwanaki babu wuta, a tsakiyar bazara, ƙarƙashin rufin kwano. Rediyon Baba mai batir yana ta kiɗan soja, a tsakani a ce akwai yunwa a ƙasa, a roƙi taimako. Baba yakan rage murya ya ce kada wanda ya maimaita komai a waje. Pampo ma sai ya ga dama yake ɗigowa, ruwa sai na ƴan ga-ruwa, Inna tana auna wa kowa nasa kamar turare. Ni ina lakwal wajen karatu da rana. In na dawo sai in tarar da Kaka ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ordinatar, yana zaune kamar mai jiran marar lafiya.

Da kuran ya dawo, wata ranar Asabar da hantsi, na tara kowa. Na danna. Akwatin ya yi gurnani, ya yi ƙara ƙit-ƙit-ƙit kamar ɗan tsako, ekaran kuwa baƙi ƙirin. Fuskokinmu kawai muke gani a ciki.

Na mare shi a gefe, don haka Yaya yake yi. Na zare wayar da ta haɗa akwatin da ekaran, na hura, na mayar. Na je na aro ekaran ɗin maƙwabcinmu mai buga takardu, na ɗauko shi a ka, wuyana ya ragu da taƙi guda har yau bai dawo ba. Shi ma baƙi. Kenan laifin ba na ekaran ba ne.

Na kira Yaya a salula. Ya ce in cire daga kuran, in kwance murfin, in faɗa masa abin da na gani.

"Na ga ƙarafa. Na ga wani abu kore-kore kamar gansakuka. Kuma yana warin rijiya."

"Warin me?"

"Rijiya. Akwai danshi, Yaya. Har da zaren buhu."

"Wa ya yi wa ordinatar wanka?"

Na juya na maimaita tambayar. Inna ta dubi ƙasa. Kaka ya gyara zama.

"Ni ne," ya ce. "Na taɓa ƙarfen na ji kamar tanda. An ce suna ciki. Sai na jiƙa buhu na lulluɓe shi, yadda ake yi wa tulu. In ya bushe in ƙara."

Na ce, "Da wane ruwa?"

Daga baya Inna ta faɗa mini: da ruwan shansa. Kullum tana ganinsa yana tsiyaya rabonsa a kan buhun, kafin mu dawo ya cire ya ɓoye ƙarƙashin tabarma. Ba za ta iya buɗe baki ta hana surukinta ba, a gabansa ko sunan Baba ba ta kira. Kuma, in ji ta, ita ma ta ga kamar dabara ce, ai zafi zafi ne.

Na faɗa wa Yaya batun buhun a waya. Sai ya ce in shanya ordinatar ɗin.

Muka shanya ordinatar a tsakar gida kamar kuɓewa, ina zaune ina korar kaji. Rana kam ba mu rasa ta ba a shekarar. Da ya bushe, Yaya ya sa na zare wasu siraran faranti biyu masu haƙoran zinariya, na goge haƙoran da gom ɗin goge fensir na lakwal har yatsuna suka yi zafi, na mayar na danna sai da suka ce ƙas. Na bi ko'ina da tsohon burushin haƙori. Kaka yana tsugune a inuwa, bai ɗauke ido ba ko sau ɗaya.

Na kunna. Ƙara ɗaya tak, gajera. Rubutu ya bayyana. Na yi tsalle har na buge kai da ƙofa. Amma da na buɗe hotunan sai murna ta koma ciki. Launin ja ya ɓace gaba ɗaya. Shanun Kaka jajaye ne, irin na arewa. A ekaran sun fito baƙi-baƙi, toka-toka, sama da ƙasa duk sun yi wani kore mai ban tsoro.

Kaka ya matso ya duba. "Haka suke komawa in sun kwana uku a ƙasa," ya ce, ya fara miƙewa.

"Tsaya, maigida. Tsaya mana."

Na zura hannu bayan akwatin. Bakin da wayar ekaran take shiga ya ci tsatsa. Na murɗa, na danna ta gefe guda, sai ja ya watsu a ekaran. Na saki, ya tafi. Na sake dannawa, ya dawo. Babu abin da zai riƙe ta a haka sai hannu. Na kwanta rub da ciki a siminti, hannuna a baya, ƙarfen yana ɗan cizona da kuran, na ce wa Baba ya riƙa danna maɓallin gaba.

Daga inda nake ba na ganin hotunan, muryar Kaka kawai nake ji. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowace da kamarta: mai farin goshi, mai karyayyen ƙaho, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai shi. Ya faɗi wadda ta haifi wacce. Ya faɗi inda kowace ta faɗi, a bakin wace rijiya, ƙarƙashin wace bishiya. Ya yi wannan ƙarar ta maƙogwaro da yake kiran su da ita, a hankali, a cikin falonmu. Kafaɗata ta fara rawa, yatsuna suka mutu. Na ciji leɓe, ban motsa ba.

Da suka ƙare ya ce a koma farko. Aka koma. A tsakiyar zagaye na biyu na ji ya ce, "Uwargida, saki. Na gan su."

Na saki. Ya juya wa ekaran baya kafin launin ya gama tafiya.

Inna ta turo ni da kwanon tuwo. Ya wanke hannu, ya ci loma kaɗan, a hankali, kamar wanda ake biya ya yi aikin da ba ya so. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya ci abin da zai riƙe shi tsaye. Bai sake shiga falon ba, bai sake tambayar hotunan ba. Da ruwan farko ya sauka ya ce wa Baba a nema masa mota, ya ji wani mai kuɗi a Tawa yana neman wanda zai kiwata masa awaki.