Tiburcio Mai Kunne da Rawar Yayata

Tiburcio Menezes mijin yayata ne, kuma in kana neman wanda zai faɗi alherinsa, yi gaba, ba ni ba ce. Shekara talatin da wani abu yana aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa a Bombay, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa samun ƙarin girma ba. Ba ya shan giya ta fi ƙarfinsa, ba ya duka, ba ya bin mata. Mutanen unguwarmu Dhobi Talao cewa suke yi yayata Perpetua ta yi dacen miji. Ni kuwa da na san ciki da waje, cewa nake yi da ma mashayi ta aura, ko ba komai mashayi yakan wartsake da safe.

Ciwonsa kiɗan jaz ne, irin na Amurka. Ba fa busawa yake yi ba. A unguwarmu ta mutanen Goa, inda kusan kowane gida akwai mai goge ko mai busa, inda yaro ke koyon karatun kiɗa a makarantar coci tun bai iya ɗaura wando ba, Tiburcio ko usur bai iya busawa ba. Shi sana'arsa saurare. Wai shi mai kunne ne, sauranmu kuwa ramuka kawai Allah ya huda mana a gefen kai.

Mijina Remedios mabushi ne, shi ke riƙe da babban saksofon, wannan mai kai masa har gwiwa. Su huɗu ne, kowa da girman nasa ƙahon, Agnelo mai ɗan ƙaramin shi ne shugabansu. Litinin zuwa Asabar suna busa wa masu fim abin da aka rubuta musu, su samo na shinkafa da kifi. Ran Lahadi bayan an taso daga coci sukan taru a falona su busa wa kansu, ba ganga, ba fiyano, ƙaho huɗu kawai. Ba wanda ya taɓa gayyatar Tiburcio. Haka nan zai shigo da kwat da laktaye cikin wannan zafin, ya ɗauke kujerar da ta fi kowacce laushi, ya lumshe ido, ya ɗaga ɗan yatsa ɗaya sama kamar mai jiran a ɗiga masa magani.

In sun gama sai ya buɗe ido a hankali, ya ce, "Agnelo, wurin nan da ka yi shiru kafin ka sauko. Nan maganar take. Wannan shirun ya fi duk abin da ka busa."

Agnelo ya ce, "Numfashi na tsaya yi, Tibu. Tari ke damuna."

"Kai ma ba ka san abin da ka yi ba," in ji shi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki wainar shinkafar da na ajiye wa mabusa.

Duk wannan da sauƙi, da a kaina kaɗai ya tsaya. Amma akwai yayata a gida. Perpetua mace ce mai son rawa tun muna yara a ƙauyenmu, in ta ji ana daka ma sai ƙafarta ta motsa. Aka zo bikinta, saura 'yan makonni uban Tiburcio ya rasu. Gidan makoki ba a kiɗa sai shekara ta zagayo, don haka aka ɗaura aure a coci shiru, aka ci abinci shiru, kowa ya watse. Ba ta yi rawar amarya ba. A ranar Tiburcio ya riƙe hannunta a gabana ya ce ta yi haƙuri, in Allah ya kai su bikin shekara ashirin da biyar, zai buɗe fili da ita a gaban duk Dhobi Talao. Ita kuma, baiwar Allah, ta riƙe maganar nan gam. Tana wanke masa kwalar riga, tana goge masa faya-fayan garmaho da ba ya bari ko 'ya'yansa su taɓa, tana jiran rawa ɗaya tak.

Shekarar ta zo. Ta ɗinka doguwar riga ruwan azurfa, ta sayi takalmi mai tsini wanda rabonta da irinsa tun tana budurwa. Kullum da hantsi, in ya tafi ofis, sai ta hau bene ta same ni a kicin, ta kama ni kamar ni ce mijin, muna zagaya tukwane tana ƙirgawa, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku. Waƙar da ta zaɓa tsohuwar waƙar soyayya ce ta Amurka, mai tafiya a hankali, wadda har mai tallan burodi ke fito da ita. Ko gurgu aka kaɗa wa ita sai ya gwada.

Ana saura mako guda Remedios ya dawo gida yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ida, mijin yayarki ya sallami mai ganga da mai fiyano. Wai mu huɗu kaɗai yake so a waƙar buɗe fili, kuma mu yi ta irin yadda muke yi ran Lahadi."

Na ce, "Irin ta Lahadi? Wadda sai an kusa gamawa mutum ke gane wace waƙa ce?"

Ya ce ita.

Ko ɗankwali ban tsaya ɗauka ba na sauka na same shi yana karanta jarida. Na ce, "Tiburcio, rawa za a yi ko addu'a? Me yayata za ta taka in babu ganga?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya yi wannan murmushin nasa mai sa mutum ya ji kamar ya kwaɗa masa ludayi. "Idalina, ƙanwata, ke kin fi gane harkar barkono. Kowace mace a Bombay an kaɗa mata tum-tum-tum ta yi tsalle. Abin da zan ba yayarki ba a taɓa ba wata mace irinsa ba."

Na juya wurin Perpetua. Tana tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta ce, "Bar shi, Ida. Ya yi alkawari. In babu ganga ni zan ƙirga da bakina."

Ran Lahadi da la'asar zauren coci ya cika maƙil. An yi addu'a, an yanka kek, ƙamshin farfesun alade ya cika ko'ina, mazan sun fara zagayawa bayan labule wurin giyar kashu. A wurinmu ba mai sa ƙafa a filin rawa sai masu biki sun zagaya shi tukuna, ko da kuwa gwamna ne. Don haka kowa ya ja baya ya jingina da bango, 'yan mata na gyara siket, samari na goge takalmi a bayan wando. Mai gabatarwa ya kira sunansu. Tiburcio ya kamo hannunta har tsakiyar fili, ya ɗora ɗaya hannun a bayanta. Na rantse ban taɓa ganin fuskar yayata da haske irin na lokacin ba.

Agnelo ya fara shi kaɗai. Ba zan yi ƙarya ba don ina jin haushi: abin da mutanen nan huɗu suka busa ranar ya yi kyau, kyau mai sa tsigar jiki tashi. Ya kama muryar farko ya ja ta, ya ja ta, har sai da na ji numfashina na neman ɗaukewa, sannan ya sake ta ta gangaro. Bai shiga waƙar kai tsaye ba, kewaya ta ya riƙa yi kamar mai jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa. Sai na biyu ya shigo ƙarƙashinsa da murya mai kauri, na uku ya ratsa tsakaninsu, mijina kuma can ƙasa yana gurnani a hankali, har kana jin abin a ƙirjinka. Waƙar da muka sani tun muna yara ta koma kamar yau aka haife ta. Amma babu inda mutum zai sa ƙafa. Su ja nan, su tsaya can, su yi shiru, su dawo.

Ina kallon leɓen Perpetua yana motsi, ɗaya biyu uku. Ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Ta sake ɗagawa. Ta ɗan ja shi da hannu alamar su fara ko a haka. Shi kuwa gogan idonsa a rufe, kai ya karkace. Sai na ga hannun da ke bayanta ya sauka. Ɗan yatsan nan ya tashi sama. Ya zare ɗaya hannun daga nata kamar mai cire hannu daga aljihu, ya taka, ya sake takawa, har ya isa gaban mabusa ya tsaya ya ba ta baya.

Ita kaɗai a tsakar fili, cikin rigar azurfa, hannunta ɗaya bai ma gama sauka ba. Zaure cike da mutane, ba mai iya shiga ya fitar da ita, don al'ada ta hana, ba kuma mai iya kawar da kai.

Remedios ne ya buɗe ido ya gan ta. Allah ya yi masa albarka, nan take ya sauya, ya fara bugo taku uku da babban ƙahonsa, bum ta ta, bum ta ta, yadda ko kurma zai ji. Agnelo ya gane, ya miƙe waƙar sak yadda kowa ya san ta. Zauren ya sauke ajiyar zuciya. Perpetua ta ɗaga hannuwa biyu, ta ce, "Tibu," da 'yar muryarta.

Ya buɗe ido kuwa, amma ba ita ya duba ba. Mabusa ya fuskanta yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji. "A'a! A'a! Ba haka muka yi da ku ba! Remedios, ka ɓata shi! Wannan ai kiɗan biki ne!"

Ban san sanda na ɗaga murya daga bakin bango ba. "To gidan uban wa muke in ba gidan biki ba?"

Fada, limamin cocinmu, ya yi gyaran murya. Wata tsohuwa ta ja ni ta zaunar. Mabusa suka dubi juna. Mai biki ne ya yi magana, kuma mabushi ba ya musu da mai biki a gaban jama'a, haka aka koya musu tun suna yara. Agnelo ya sunkuyar da kai ya koma inda ya tsaya. Suka ƙarasa ta a hankali yadda yake so, kowannensu ya yi nasa zagayen, ita kuma tana nan tsaye ba ta motsa ba har muryar ƙarshe ta mutu.

Tafi ya ɓarke daga mutum ɗaya, Tiburcio. Ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarsa, ya ce, "Perpetua, kin ji? Kin ji abin da na ba ki?"

Ta ce, "Na ji, Tibu. Kowa ma ya ji." Sai ta dubi mai gabatarwa ta ce, "A buɗe wa yara fili. Mun yi tamu." Ta zo ta zauna kusa da ni, ta zare takalman a ƙarƙashin tebur, ta tambaye ni ko an kai wa Fada abinci.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta ci gaba da wanke kwala da goge faya-fayai. Shi kuwa shekaru ya yi yana ba da labarin ranar a shagon shayi, wai an yi abin tarihi a Dhobi Talao amma jakai sun kasa ganewa. Ko sau ɗaya bai lura cewa matarsa ta daina motsa ƙafa in ana kiɗa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Fada ya zo ya shafa mata man addu'ar ƙarshe. A gabansa, da ni, da Tiburcio, ta ce tana da magana ɗaya. "Ranar da za a kai ni, ban yarda a busa mini komai ba. Ko ƙaho ɗaya."

Mu kuwa ko matalaucin da ya mutu a bakin titi sai an haɗa masa 'yan badujala sun raka shi makabarta. Gawa ba kiɗa, sai ta wanda ba shi da kowa. Tiburcio ya bi ni har kicin yana roƙo. "Ida, zafin ciwo ne ya sa ta faɗa. Me mutane za su ce? Su Agnelo sun ce za su zo su huɗu. Na riga na san abin da ya dace a busa."

Na ce, "Na san ka sani. Ba za a busa ba."

Haka muka fito da ita da safe, unguwar da rabin mazanta mabusa ne, kowa hannu rabbana. Mutane na leƙowa ta taga suna tambayar juna ina kiɗan. Babu abin da kake ji sai ƙarar takalma a kan kwalta da kukan hankaki. Tiburcio na tafe bayan akwatin, ni ina gefensa.

Mun kusa ƙofar makabarta sai na ji wani ɗan sauti na fita ta hancinsa. Na kasa kunne. Waƙar ce. Ba mai kewaye-kewayen ba, miƙaƙƙiyar, wadda ake rawa da ita, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, daidai ba kuskure, har ƙafarsa na bi. Ashe ya iya. Ashe tun farko sakaran ya iya.

Na ce, "Rufe mana baki, Tiburcio. Ta ce ba ta so."

Ya rufe. A haka muka ƙarasa da ita.