Tabon da ke Gefen Agogon Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina bakin aiki aka bugo mini cewa Allah ya karɓi ranka, Yaya Mai Agogo. Aka sallace ka, aka binne ka, ni ina wata uwa duniya ina ɗaga kwalayen mutane.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: kana da taurin kai. Tsofaffin agogunan hannu da ka tara, waɗanda ake wanawa, masu maɓalli biyu a gefe na auna gudu, ba ka taɓa yarda an goge ko ɗaya ba. Ranar da na kai nawa aka kankare shi ya yi ƙyalli, juya shi ka yi ka ce, "Dolo, ka aske wa tsoho gemu." Ka daɗe ba ka amsa gaisuwata ba.

Amma akwai mai baƙar fuskar nan, wanda gefensa ya lotsa. Shi ne a hannunka lokacin muna masaƙa, ranar da inji ya kama hannun rigata. Ka cusa naka hannun, ƙarfe ya ci agogon maimakon ƙashina. Da hannun da ka ceto nake wannan rubutu. Na sha roƙon ka sayar mini, kana cewa, "In kana son ganinsa, ka dawo gida." Ban dawo ba.

Jiya babban ɗanka ya ce mini, "Baffa, gobe zan kai su duka a goge, kada a ce mun bar kayan Baba da datti." Na ɗaga murya, ya kashe waya, bai sake ɗauka ba. Ban ga laifinsa ba. Ƙauna ce ta sa shi, ni kuwa baffa ne da bai san komai nasa ba sai murya.

Kai kuma ɗan Yaya, ɗana, in ka karanta wannan kafin ka fita: sauran naku ne, ku yi yadda kuka so. Wannan ɗayan dai, don Allah kada a taɓa shi. Ka wana shi kawai, ka miƙa wa mahaifiyarka. Ita ta ɗaure wa mahaifinka hannu a ranar da injin ya kama ni.

Yaya, Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya yafe mana ni da kai. Allah ya ba matarka Hajiya da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma ya nufe ni da dawowa, in tarar tabon yana nan.