Ƙugiyar da ke Sunan Malam Sha-Shida

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina tsaye kan injin ɗab'i, Malam, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah ya karɓi abinsa. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma.

Duk layinmu an san ni. Daga sakandare ban ƙara aji ba. Da gumina na kafa shagon ɗab'i, ni na koya wa kaina rubuta manhaja, ba malami, ba ɗan'uwa mai hanya. Haka nake faɗa ko'ina, kuma gaskiya ne, in ban da rana ɗaya.

Wata makaranta ta ba ni aikin takardun shaidar ɗalibai ɗari uku. Na rubuta manhajar da ke ɗaukar lambar Yunikod, wato lambar da kwamfuta ke gane kowane harafi da ita, ta mayar da ita harafi. Amma duk sunan da ke da ƙ, sai wani C mai wutsiya ya fito a gurbinta. Shugabar makarantar ta ce in bai gyaru gobe ba, za ta kai aikin wani shago. Da wane ido zan kalli layinmu?

Kana bencin bakin ƙofar shagona da jaridarka, kamar kullum tun da ka bar koyar da lissafi. Ka leƙo jerin lambobin da ke kan kwamfutata, ka gyara tabarau, ka ce, "Ɗana, 0199 ɗin nan ta ƙ, nawa ka karanta ta?"

"Ɗari da casa'in da tara mana, Baba."

"Kai da injin duk kun faɗi jarrabawa. Dubi ta sama, 018A. Yaushe A ta shiga ƙirgen goma? Wannan ƙirgen sha shida ne."

A bayan ambulan ka lissafa mini: ɗari huɗu da tara. Na gyara layi ɗaya a manhajar, ƙ ta miƙe da ƙugiyarta.

Shekara bakwai ina cika baki a gabanka cewa ni kaɗai na yi. Sai dai ka juya shafin jarida. Ina kiranka Malam Sha-Shida, mutane na zaton zolaya ce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna makoma. Inna da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Saura magana ɗaya. Jaridar da ta sanar da rasuwarka ta rubuta sunanka ba ƙugiya. Ban yarda ba. Na riga na sa shi a kan manhajata, a saman nawa. Su ma su sake bugawa, su rubuta sunanka daidai. In ba su san lambar ba, 0199 ce, ƙirgen sha shida.