Harsashi Mai Nauyi da Idon Surukina

Surukina Bahaushen Sudan ne, ya shekara talatin da wani abu yana tuƙa iyalin wani attajiri a Jidda. A shekarar da na zo aikin fassara a gidan rediyo, kafilinsa, wato attajirin, ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, a matsayin direba ba sai likitan ido ya duba shi. Tsohon ya ɗauki maganar a matsayin zagi. A samartakarsa ya yi aikin gadin daji, kuma babu wanda ya taɓa shan shayi a gidansa na unguwar Hindawiyya bai ji labarin barewar da ya kayar daga nesa ba. Nisan yana ƙaruwa duk shekara.

"Likita me zai gaya mini, ya waladi?" ya ce da ni. "Akwai kulob na harbi a hanyar arewa. Yalla, mu je takardar da ake harbi ta yi hukunci. In na kuskure, halas, na ajiye makulli."

Muka je wata Juma'a bayan la'asar. A kulob ɗin ana ba da aron bindiga, sai mutum ya zaɓi harsashi a kanti. Kwali biyu aka ajiye mana. Baba ya ɗaga kowanne a tafin hannu kamar mai sayen kankana, ya zaɓi wanda ya fi nauyi.

"Baba, ba za mu tambaya ba?"

"Ɗan rediyo, kai komai sai ka tambaya. Na kawo surukina wuri, in sayi na ƙasa? Mai nauyi shi ne na maza."

Ya kwanta, ya daidaita kafaɗa, ya yi bisimilla. Harbi biyar. Da aka jawo takardar, biyu ne kawai suka taɓa ta, ɗaya sama ɗaya can gefe. Ya sake biyar, bai gyaru ba. Ya zauna ya cire hula yana kallon cikinta.

"To," ya ce a hankali. "Ashe kafili ya gani, ni ne ban gani ba."

Aikin rediyo ya koya mini abu ɗaya: kada ka karanta labari sai ka duba takardar sau biyu. Na duba. Ramukan ba zagayayyu ba ne. Dogaye ne, kamar harsashin a kwance ya shiga. Na kai wa malamin kulob ɗin, wani dattijo mai furfura a gemu. Kallo ɗaya ya yi mata, ya nemi kwalin, ya yi dariya.

Ya bayyana da Larabci, ni kuma na mayar da Hausa, ko da yake Baba ya fi ni Larabci nesa ba kusa ba. A cikin bututun bindiga akwai tsagi da aka murɗa, shi ke sa harsashi juyawa idan ya fita. Na wannan bindigar zagaye ɗaya yake yi a inci goma sha biyu, wato murɗin a sanyaye yake. Harsashi mai nauyi ya fi tsawo, dogo kuma yana buƙatar juyi mai sauri kafin ya tsaya a kan hancinsa. In bai samu ba sai ya yi tangal-tangal a iska ya faɗa inda ya ga dama.

"Kamar mazari, Baba," na ƙara. "Dogon mazari in ba a murza shi da ƙarfi ba…"

"Na ji, na ji. Kada ka karanta mini labaran duniya."

Aka kawo ɗaya kwalin, mai lambar nauyi hamsin da biyar maimakon saba'in da bakwai na kwalin farko. Harbi biyar, duka suka taru wurin da murfin kofin shayi zai rufe. Baba ya miƙe ya mayar da hula, ya karkata ta.

"Ka gani? Bindigarsu ce malalaciya."

Malamin ya nuna masa gefen kwalin farko, inda aka rubuta irin murɗin da yake buƙata. Baba ya kawo kwalin kusa da fuska, ya miƙa shi iyakar hannunsa, ya sake matso da shi.

"Wannan rubutu ne ko tururuwa?"

Muka tattara muka fito. A mota, sai da muka wuce unguwar Sharafiyya shi da kansa ya yi gyaran murya.

"Likitan nan, da safe yake zama?"

Ya je ranar Lahadi da takardar harbin a naɗe cikin aljihu, ya shimfiɗa wa likita ita kafin a tambaye shi sunansa. Ganin nesansa lafiya lau, aka sabunta iƙama. Tabaran karatu kawai aka rubuta masa. Yana sa shi a gida idan ba baƙi, kuma har yau in na shigo sai ya zare shi ya tura ƙarƙashin matashi.