Inna Labule, Likitar Da Ke Ɗaure Inda Ba Ciwo

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ajin ƙarshe na makarantar. Ta tura bencina jikin bango, ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusa, ta rataya wani tsohon zanin gado. Dandamalin wasan kwaikwayonta ke nan, shi ya sa kowa ke ce mata Inna Labule. Shekara ashirin da biyu tana haka da yaran da hulɗa da mutane ke yi wa wuya: wasu ba sa haɗa ido, wasu ƙara kaɗan ta sa su toshe kunne. Watan nan gwiwoyinta suka ce sun gaji, za ta ajiye aiki.

Gara in faɗi gaskiya, ni na raina ta. A lokacin autarmu shekararta tara, ba ta taɓa ce mana "nan ke min ciwo" ba. In abu ya dame ta sai ta duƙunƙune tana jijjiga, mu yi ta lalube. Ranar da na leƙa ajin, na tarar da dattijuwa cikin farar riga, wai ita likita. An manna wa Auta jar takarda a kunne, alamar ciwo, ita kuwa Inna ta duƙa tana naɗe mata ƙafa da bandeji.

Na ce, "Inna, yanzu wannan shi ne karatun?"

Ta ce, "Baban Auta, bar ni da shirmena. In na gano wurin da kaina, me zai sa ta buɗe baki?"

Ashe da gangan take kuskuren, kullum, har haushi ya kama yaro ya gyara mata. Na tafi ina tsaki.

Bara Auta ta tashi da zazzaɓi da amai. A asibiti likita ya duba maƙogwaro, ya saurari ƙirji, ya ce ɓacin ciki ne, ya fara rubuta magani. Sai yarinyar nan, wadda baƙo ba ya taɓa ta, ta kama hannunsa ta ɗora a ƙasan cikinta ta dama.

"Ba nan ba, likita. Nan."

Jakar uwarta ta faɗi ƙasa. Likita ya danna wurin, fuskarsa ta canja. Afendiks ne, wato ɗan guntun hanjin nan da ke kumbura, saura ƙiris ya fashe, kuma ba don ta yi magana ba da mun koma gida da ita.

Da na je na gaya wa Inna, sai ta zauna daɓas a kan benci. "Da bakinta? Ga baƙo?" Ta rufe fuska da farar rigar tana kuka.

Inna, ke ce kika yarda ki zama abin dariya shekara da shekaru don 'ya'yan wasu su samu baki. Ke ce na yi wa tsaki, kuma shirmenki ne ya bar min 'yata da rai. Na gode, ki yafe min. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Jama'a, igiyar tana nan a ɗaure, zanin gadon yana rataye. Ana neman wanda zai sa farar rigar, ya iya yin kuskure da haƙuri har yaro ya ce masa, "Ba nan ba."