Layin da Baba ya gani a jikin tukunyar Sin

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Alexandria, kusa da Washington, mahaifina ya zo aikin ido. Maƙerin fari ne, tun yana yaro yake zubin tagulla. Ni kuwa, ɗan boko uban iyayi, duk wanda ya tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kasuwa ne.

Da idon ya washe, na ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa wani gidan kayan tarihi a Washington, don dai kar a ce ban kai shi ko'ina ba. Muna shiga ɗakin kayan Sin ya ja ya tsaya gaban wata tukunyar tagulla mai ƙafa uku, duk ta yi kore don tsufa. Ya durƙusa, hancinsa har yana taɓa gilashi. Mai gadi ya fara kallonmu, kunya ta rufe ni.

Ya ce, "Zo ka ga ikon Allah. Mutanen nan ba da kakin zuma suka yi ba, irin namu. Siffar tukunyar suka lulluɓe da yumɓu, suka yanka shi gida-gida, suka sake haɗawa, sannan suka zuba tagulla. Ga layin da bakin ya haɗu. Sun goge, amma bai ɓace ba. Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Baba. Tashi mu tafi, ana kallonmu."

Wallahi ko sunkuyawa ban yi ba. Ya ɗago ya dube ni da idon da aka gyara masa, ya ce, "To, madalla." Ya koma Kano, kafin shekara ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Daga baya na koma gidan tarihin ni kaɗai, na karanta bayanin da ke jikin bango. Duk abin da ya faɗa ne, shi da bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba. A nan na yi kuka.

Abin yana ci na har yau. Abu ɗaya ya so ya nuna mini daga abin da ya sani, ni kuma na yi masa ƙarya. Nakan je in durƙusa a gurin, mai gadi ya yi ta kallo. Har yanzu ban ga layin ba, kuma babu wanda zan tambaya.