Mai Hatimi da Akwatinsa

Mai Hatimi ake ce masa tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai. Aikinsa a gidan waya buga tambari ne a kan wasiƙu, a wani dogon tebur da ke bayan kanta, inda warin tawada da na buhunan wasiƙu ya kama bango. A wancan zamani duk kantin da ya amsa sunansa yakan sa a buga masa ambulan da zanen hajarsa: mai kekuna da kekensa, mai sabulu da wata mata tana shanya, mai agogo da agogo mai fukafukai. Abokan aikinsa bugu kawai suke yi, tambari ya faɗa inda ya ga dama. Shi kuwa sai ya karkata hannu, tawada ta sauka a kan kan sarkin da aka manna a kusurwa, ta bar zanen fes.

"Kai dai da lallaɓa takarda kamar jaririya," haka suke tsokanarsa.

Daga nan ya fara roƙon masinjojin ofisoshi su ajiye masa ambulan ɗin da aka buɗe aka jefa kwandon shara. Wasiƙar ciki ba ta dame shi ba. Cewa yake yi bayan ambulan ya isa labari: wa ya aika, ta wane gari ta bi, wace rana, me mutane ke saye a lokacin. Marigayiya matarsa takan ce ita kaɗai ce mijinta ke dawo mata da shara a aljihu, ya kuma ari dutsen gugarta ya goge ta. Kafin ya bar aiki ya cika akwatin ƙarfe.

Da idonsa ya fara rauni, 'yarsa ta ce ya koma wurinta.

"Baba, ɗakin fa ƙarami ne. Akwatin nan ko ƙofar ba zai wuce ba."

Surukinsa ya kawo wani mai sayen tsofaffin kan sarki. Mutumin ya durƙusa ya gaida shi da ladabi, ya zaro ambulan ɗaya, ya kuma zaro almakashi daga aljihu. Kafin a ce wani abu, ƙyas, ya datse kusurwar. Rabin kwanan watan ya tafi da kan sarkin, matar da ke shanya ta rasa hannu ɗaya.

"Wannan nake so, Baba. Sauran ai nauyi ne kawai."

Mai Hatimi ya laluba murfin akwatin ya rufe. "Sannu da zuwa, ɗana. Ka gaida gida."

Washegari ya shimfiɗa tabarma ya shiga ware ambulan ɗin titi titi, yadda ake yi a gidan waya, yana kara kowace kusa da ido. Ya yanke shawara zai mayar wa iyalan masu kantunan abinsu. Gara su watsu kowace da jikinta da a yanka su a wuri ɗaya.

Yawon bai yi daɗi ba. Inda kantin sabulu yake an yi shagon cajin waya, ba wanda ya taɓa jin sunan mai shi. Jikan mai kekuna ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sai aka kira shi a waya, ya juya ambulan ɗin ya rubuta lamba a bayanta. Mai Hatimi na tsaye yana kallo. Ta isa hannun mai ita, nasa aikin ya ƙare.

'Yar mai agogo ita ma ta tsufa. Ba ta ko dubi agogon mai fukafukai ba, adireshin ta zuba wa ido.

"Wannan ai rubutun babana ne. Malam, ko hotonsa ba mu da shi."

Ta shige ciki da ita, ta manta ba ta ba shi wurin zama ba.

Da ƙafarsa ta gaza, sai ya daina fita. Waɗanda suka rage, na kantunan da babu su babu magadansu, ya ɗaure su da zare ya cusa a jakar matashin kai. Ranar tashi ya bar wa mai gidan hayar akwatin, ya shiga bayan mota da jakar a cinya. 'Yarsa ta miƙo hannu za ta sa ta cikin kaya, ya ƙi saki. Sai ta zauna kusa da shi, ta zare guda ɗaya.

"Riƙe ta gefe, kada ki lanƙwasa," in ji shi. "Me aka zana?"

"Fitila ce, Baba, da wani mutum yana karatu."

"Tambarin ya taɓa mutumin?"

Ta duba da kyau. "Bai taɓa shi ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta zaro ta gaba.